Ranar da Na Toshe wa Fijon Baba Yoyo

Ni fa ban taɓa cewa ni bakanike ba ne. Cewa na yi na fi bakanike, kuma a ofis na faɗa, da ƙarfi, har sai da masinja ya juyo ya dube ni. Sunana Badaru, ina aiki a wata ma'aikatar tarayya a Abuja. Fayil ya zo ta hagu in sa masa hannu in miƙa ta dama, shi ke nan aikina. Amma a zuciyata ni injiniya ne wanda ƙasar nan ba ta gano ba tukuna.

Lokacin soja sun koma bariki, kuɗi sun fara yawo a gari, kowa ya rataya wayar salula, kowa ya sayi motar tokumbo mai sanyi. Ni kuwa motata Fijo ce 504, ƙirar saba'in da takwas, ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Da fara ce, yanzu ta koma launin kunu. Ina sonta, wallahi ina sonta, don in na zauna a kujerar direba har yau ramin da Baba ya bari a jiki nake faɗawa. Matsalarta guda: duk inda ta tsaya sai ta bar tabon baƙin mai a ƙasa.

Yayana Umar Farouk, wanda darakta ne mai jif, shi ya tayar da maganar ana jibi mahaifiyarmu za ta tafi aikin Hajji.

"Inna, wannan motar embarrassment ce," in ji shi. "Ranar nan ya zo ofis wurina, sai da aka zuba yashi a inda ya faka. A sayar wa 'yan gwangwan kawai a huta."

Na ce, "Yaya, ɗan yoyo ne. Ni da na gaji Baba a kanikanci? Minti goma ya yi min yawa."

Inna ta dube ni wani irin kallo da a lokacin na ɗauka na alfahari ne. Ta ce, "To ku ji. Ranar da na dawo, motar Malam nake so ta ɗauko ni daga filin jirgi ta kai ni gidan Badaru. In ta kai ni, tasa ce har abada. In ta gaza, yayansa ya yi yadda ya ga dama da ita." Ba ta kama sunan Yaya, ɗan fari ne.

Na yi dariya har da buga cinya. Daga filin jirgi zuwa Lugbe? Ai ko jaki mai ciki ya yi wannan tafiyar.

Bayan tafiyarta na buɗe tsohuwar adakarta da ta bari a wurinmu, ina neman takardun motar. Can ƙasa, ƙarƙashin zannuwa, sai ga akwatin ƙarfe da kwaɗo a jiki. Na ɓalle. Sifanu ne da sukundireba da filaya, jere reras, suna ƙyalli kamar jiya aka sayo. Kayan aikin Baba! Har ƙwalla na yi. Na kira matata na ce, "Safiya, zo ki ga yadda gwani ke riƙe kayansa. Shekara kusan talatin ko ƙwarzane babu."

Safiyatu ta leƙa ta ce, "Baban Nabila, abin da aka kulle da kwaɗo aka danne da zannuwa, kana ganin so ake a taɓa?"

"Ke ba ki san darajar tarihi ba," na ce.

Gidan da muke haya a Lugbe a kan gangara yake. Kik ɗin motar ya daɗe da mutuwa, birkin hannu ma ya bi shi, don haka nake faka ta hancinta na kallon ƙasa in sa dutse a taya. Da safe in zare dutsen, ta gangara, in saki kuloci ta tashi. Wannan dabarar ni na ƙirƙiro ta, kuma na gaya wa kowa. Kullum kafin in zare dutsen sai na zaro sandar gwada mai na duba. Kullum sai ta nuna min mai ya yi ƙasa. Kullum sai in ƙara. Ban taɓa barin motar Baba da ƙishirwa ba, ko da gwangwani ɗaya ne sai na ɗura mata.

Aikin farko na gwani shi ne gano inda yoyon yake. Na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da yamma don in ga inda zai ɗiga. Da safe na tarar babu kwalin, akuyar Mama Angelina ta cinye rabi ta ja rabi. Mama Angelina ita ce mai gidan, 'yar Gbagyi ce, tun Lugbe na gonar doya take nan. Ta sauke itacen da ta ɗauko a kafaɗa ta tsaya kaina.

"Oga Badaru, akuya na yana zawo baƙi. Me ka ba shi?"

"Mama, bincike nake yi."

"Bincike a cikin akuya?"

Na bar kwali na koma dabara ta biyu. Na wanke injin tas da omo, na bari ya bushe, sannan na nemi hoda, don na san in aka barbaɗa fari a jikin inji, mai zai zana hanyarsa a kai. Hodar da na samu ta Safiyatu ce, wadda ƙanwarta ta kawo mata daga Dubai. Na juye gwangwanin kaf, na gangara da motar ta tashi. Abin da na manta shi ne fanka. Kafin in ce kwabo hoda ta turnuƙe unguwa, na fito fari fat har gira, ina ƙamshin amarya. Masu sayen katin waya a shagon gefe suka daina saye suka zo kallo.

Safiyatu ta fito riƙe da gwangwanin, ta girgiza shi a kunnenta. "Shekara biyar da aure, ko hodar naira hamsin ba ka taɓa saya min ba. Amma ka yi wa mota kwalliya da tawa."

"Safiya, kimiyya ce."

"Allah ya bar ku tare, kai da ita da kimiyyar."

Amma fa dabarar ta yi aiki, a ba ni wannan. A cikin farin na ga baƙin layi yana gangarowa daga gaban injin, bayan babban fulin da ke juya fanbel. Oyil-sil ne, wato zoben robar nan da ke rungume da ƙarfen da ke juyawa don kada mai ya fita. Na shiga ofis washegari ina tafiya kamar likitan da ya gano cutar da ta gagari Ingila.

Na fara da maganin gida. Na zuba man birki a cikin inji, don na ji ana cewa yana kumbura roba. Ya kumbura ta kuwa, yoyon ya tashi daga ɗigo ya koma tsiyaya. Na kwaɓa sabulun wanki na liƙe wurin, da injin ya ɗau zafi sai motar ta fara kumfa. Na sa gam mai ƙarfi, ya manne yatsuna biyu, ranar nan da yatsa uku na ci tuwo. Ana saura kwana biyu jirgin su Inna ya sauka na haƙura na tafi Apo sayen sabon zobe, a motar haya, don kada bakanikai su ga motata su raina ta.

Shagon Manniru na je, dattijon bakanike ne da ya ƙware a Fijo, hannunsa baƙi har gwiwar hannu. Ya ɗauko zoben ya hure masa ƙura, amma bai miƙo ba.

"Oga, kawo motar mana in duba. A ina take kwana?"

"A ƙofar gida, kan gangara. Meye haɗin kwananta da ciwonta?"

"A nan kake gwada mai?"

"Kullum. Kuma kullum sai na ƙara."

Manniru ya ajiye zoben ya kama haɓa. "Oga, mota a karkace ba ta faɗin gaskiya. Kawo ta fili mu gwada. Mai yiwuwa ba ƙishirwa take ji ba, ƙoshi ne ya yi mata yawa take amai."

Na yi murmushi irin na wanda ya gano tarko. Na san halinsu, ka kai mota da ciwon kai su mayar maka da ita da ciwon ciki. Na ce, "Malam Manniru, ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Ubana da hannunsa yake gyara wannan motar."

"To Allah ya taimaka. Amma ka kula, gefen da ke da ɗan sifirin ɗin nan shi ke kallon cikin inji, kuma a hankali ake..."

Wayata ta yi ƙara a daidai nan, wani abokin aikina ne, na ɗaga ina ba shi labarin aikin tiyatar da zan yi. Na ga bakin Manniru yana motsi, na ɗaga masa hannu na wuce.

Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma na jera sifanun Baba. Na cire fanka, na cire fanbel, na fitar da motar daga giya don in riƙa juya injin yadda nake so. Sai na zo kan babban notin fuli. Na ja, ya ƙi. Na taka, ya ƙi. Na ce wannan sai da duka, kuma akwatin Baba babu guduma. Na waiga ina neman abu mai nauyi, sai ga wani dutse mai kyau, daidai hannu, a gindin taya kamar an ajiye min shi.

Na ɗauka.

Ban kai ga ɗaga shi ba na ji motar ta dafa ni a ciki. Na faɗa rub da ciki kan lagireto, kaina a cikin inji, ƙafafuna a sama suna harbin iska, Fijo ta kama hanya da ni a hankali cikin natsuwa kamar Baba ne ke tuƙi. Ina salati, Safiyatu na salati, masu sayen kati na ihu. A ƙasan gangarar Mama Angelina ta shanya barkono tabarma uku. Motar ta bi ta farko, ta bi ta biyu, ta tsaya a ta uku da tarin itace ya tare ta, ni kuma ta zubar da ni a tsakiya.

Atishawa na yi ta kai talatin. Da na buɗe ido Mama Angelina na tsaye, hannu a ƙugu.

"Oga Badaru, mota ka ya sha mai, ya sha hoda, yanzu ya ci barkono na. Gobe wa zai ci? Ni?"

Ba zan ɓoye alheri ba, a faɗuwar nan notin ya kwance da kansa, don sifanar ta daki itace. Na ce wa jama'ar da suka taru dama haka na tsara. Na zaro tsohon zoben da sukundireba, na ɗauko sabo na juya shi a hannu. Gefe ɗaya sumul, gefe ɗaya da ɗan sifirin mai ƙyalli. Na yi tunani irin na masu ilimi: wa zai yi wa abu ado sannan ya ɓoye adon a ciki? Na sa mai ƙyallin yana kallon waje, na bi shi da dutsen nan har ya shige, ɗan karkacewa kaɗan ba komai. Na mayar da fuli da fanbel da fanka, da aka turo min ita gida na gwada mai, sanda ta ce ƙasa, na ƙara mata galan guda saboda tafiyar gobe.

Lahadi na sa farar shadda, Safiyatu ta sa leshi, muka nufi filin jirgi. A hanya na ji wani ɗan ƙauri, na ce sabon zobe ne ke zama. Yaya na can da jif ɗinsa, shi ma cikin farar shadda mai aiki har ciki. Ya zagaya Fijo ya leƙa ƙasa, na tsaya a daidai inda tabon yake na rufe da babbar riga.

Inna ta fito da azahar, ta rame ta yi haske, fararen kaya, jarkar Zamzam a hannu. Bayan an gama rungume-rungume da barka da sauka Yaya ya buɗe mata ƙofar jif, sanyi na fitowa. Ko kallo ba ta yi ba. Ta buɗe gaban Fijo ta zauna inda ta saba zama, ta shafa dashbod ta ce, "Sannu, 'yar Malam." Direbobin tasi biyu suka tura mu ta tashi. Yaya ya biyo mu a baya.

Kilomita biyar na farko ni sarki ne. Ina tuƙi da hannu ɗaya ina ba Inna labarin yadda na ƙwace motar daga bakin mutuwa. Sai wani baƙin ɗigo ya bayyana a gilashin gaba. Na ce tsuntsu ne. Na biyu ya zo, na uku, sai yayyafi. Fanka ce ke ɗibar man tana fesowa ta kowace kafa ta bonet. Na kunna waifa, ta shafe gilashin baƙi ƙirin daga wannan gefe zuwa wancan. Na leƙa kai ta taga don in ga hanya, mai ya same ni a fuska.

"Baban Nabila, hayaƙi!" in ji Safiyatu daga baya.

"Zama yake yi!"

"Wa ke zama? Mu ne za mu tashi!"

Hayaƙi ya fito ta ƙarƙashin sitiyari, jar fitila ta kama. Ko ni na san jar fitila. Na kashe injin na gangara gefen titi, daidai mahaɗar Lugbe inda 'yan acaba da masu jiran bas suka fi yawa, ana hango rufin gidanmu daga nan. Yaya ya faka ya taho da sauri ya ɗaga bonet da kansa don ya nuna wa Inna hujja. Man da ya taru a jikin murfin ya zubo masa tun daga hula har aikin rigar. 'Yan acaba suka sa tafi. Wani ya ce, "Oga, rijiyar mai ce? A kira gwamnati!"

Yaya ya juya min baya. Ya goge waya da gefen riga ya ce, "Inna, kin gani da idonki. Ta gaza. Bari in kira mai gwangwan ya zo ya ja ta daga nan."

Na dubi kujerar da ramin Baba, a raina na ga ana sare motar da gatari a Apo, kuma ba laifinta ba. Na buɗe but na ɗauko akwatin sifanu, ban ma san me zan yi da shi ba.

"Badaru." Muryar Inna ce ta taga. "Wannan akwatin a ina ka samo shi?"

"A adakarki, Inna. Kayan aikin Baba ne. Da su na yi gyaran, yadda yake yi."

"Yadda wa yake yi?"

"Baba."

Inna ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce, har da hawaye. "Malam? Malam sau ɗaya ya taɓa riƙe sifana a duniya. Sati biyu da sayen motar nan ya ce ya ji wani ƙara, ya sayo wannan akwatin, ya kwance abin da ya kwance. Muka taso daga Funtuwa, kafin mu kai Zariya ta yi mana irin wannan wankan. Ina da cikinka wata bakwai. A cikinta na shiga gari, mahaifinku na turawa, yana gaya wa mutane motsa jiki yake yi. Ranar na ƙwace akwatin na sa masa kwaɗo. Duk gyaran da ka ji yana ba da labari a zaure, aikin wani bakanike ne a Tudun Wada."

Safiyatu ta ce a hankali, "Ko ƙwarzane babu."

"Yanzu dai Inna ki sauko ki shiga jif," in ji Yaya.

"Ba inda zan sauka. Wannan ƙaurin da kuke toshe wa hanci, rabona da shi shekara ashirin da takwas. Na ce a motar Malam zan koma gida, kuma motar ba ta yi min laifi ba, ɗan mai motar ne. Safiya, dawo ki kama sitiyari. Ku biyun ku tura."

"Inna, ni fa darakta ne, mutane na..."

"Mahaifinka hedimasta ne lokacin da ya tura."

Haka muka shiga Lugbe. Safiyatu da kai ta taga tana tuƙi, Hajiya a gaba tana ɗaga wa mutane hannu tana amsa barka da sauka, ni da darakta a baya baƙi wuluk muna nishi, 'yan acaba sun yi mana rakiya da hon. A kan gangarar gida sai da maƙwabta suka kama mana. Mama Angelina ta rungume Inna, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Jiya mota ya ɗauke ka, yau kai ka ɗauke shi. Kun yi daidai."

Washegari Manniru ya zo. Ya sa aka tura ta fili, ya kwance notin ƙasa, baƙin mai ya cika bokitin wanka har ya fara neman na biyu, bayan duk wanda muka raba wa titi. Ya zaro zobena da yatsa biyu ya ɗaga shi sama ya juya, sannan ya miƙa wa Inna kamar shaida a kotu. Kafin la'asar ya sa sabo, ya gyara kik, ya zuba mai daidai. Na shimfiɗa kwali, na ɗaure akuya, da safe kwalin fes.

Inna ta kira mu falo. Ta miƙa min makullin mota ta ce, "Taka ce, ta kawo ni." Sannan ta ɗauki akwatin sifanu ta sa masa sabon kwaɗo da ta sayo a Makka don jakarta, ta zare ɗan makullin ta damƙa wa Safiyatu.

"Riƙe, 'yata. Shekara ashirin da takwas na yi ina gadin wannan, yanzu layinki ne."

Na ce, "Haba Inna, a gaban kowa? Ashe ban gaji Baba a komai ba ke nan."

Ta dube ni irin kallon nan na ranar farko, sai yanzu na gane shi. "Kai kuwa ka gaje shi. Duk cikin 'ya'yana babu wanda ya gaje shi kamarka. Shekaranjiya da na waiga na gan ka kana turi kana gaya wa 'yan acaba batir ne kawai, wallahi na ɗauka Malam ne ya dawo."